Iya Ta Hana Ni Harbin Shamuwa

"Kai ɗan nan, sauke bindigar nan! Ba a harbin shamuwa!"

Wata tsohuwa ce ta daka mini tsawa jiya a bayan garin Baure, ina durƙushe na saita sabon lens ɗina, wato madubin kyamara mai jawo nesa kusa, kan wata tsamiya. Kullum da ƙaramin nake yawo, na hotunan kasuwa da taron suna. Wannan kuwa tsawonsa ya kusa kamu guda, dole ta tsorata.

Na ce, "Iya, kyamara ce. Zo ki gani."

Ta matso tana hararata, ta kafa ido a allon kyamarar. Ga shamuwa ta cika shi taf, da kara a baki za ta yi sheƙa.

Sai ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Tun da idona ya yi hazo, sai dai a ce mini sun iso. Yau na gani da kaina. Bari in je in fito da irin gero, ruwa ya kusa!"

Wallahi har yanzu murna nake. Don tsuntsaye na sayi lens ɗin, ashe idon Iya na sayo.

Masu kyamara, wane lens ne ya taɓa yi muku rana haka?