Baba Shebur, Mai Fara Yasa Daga Gangare

Kafin yara su fara wucewa makaranta, Baba Shebur ya riga ya shiga lambatu. Takalmin roba har gwiwa, baro a gefe, yana ɗebo yashi da ledoji da tsummokara, yana tarawa a bakin titi su tsane. Shebur ɗin kafaɗarsa ne ya zama sunansa. Yanzu gwiwoyi sun gaji, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Kowa ya lura ruwan sama ya sauya hali. Abin da a da yake sauka a hankali cikin mako, yanzu a wuni ɗaya yake zubowa. Masana suna kiran abin sauyin yanayi. Baba ya ce shi a cikin lambatu ya fara ganin alamarsa.

Unguwarmu a kan tudu take, ta gangara. Da damina ta ƙarato, kowa sai ya yashe ƙofar gidansa ya wanke hannu. Ba mu lura ba cewa buɗe lambatun sama ƙara wa ruwa gudu ne zuwa gangare, inda mafitar take a toshe. Can akwai gidajen laka, har da na Inna mai niƙa, wadda katangarta ta tsage, ga jikoki cike da ɗaki. Ambaliya ɗaya ta isa ta kwantar da ita.

Bara kwamitin unguwa ya tara matasa, shugaba ya ce a fara yasa daga babban titi, gaban shaguna. Baba ya kafa shebur a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba daga nan zan fara ba."

"Baba, kai ne shugaba ko ni?"

"Kai ne. Amma ruwa bai zo taronku ba, shi gangare ya sani. In muka buɗe nan, ɗakin Inna muka aika shi."

Mai shayi ya tsoma baki: "Tsoho, ko dai soyayya ce? Kullum ƙofar Inna!"

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Gara tawa. Taka soyayyar ledojin burodi take zuba mana a lambatu."

Shugaba ya ce zai kai ƙararsa ofishin da yake wa aiki. "Ka kai," in ji Baba. "Ka ce ina gangare, su zo da takalmin roba." Ya tura baronsa ya tafi. Matasan suka yi cirko-cirko, sannan ɗaya bayan ɗaya suka bi shi.

Daga mafita suka fara, suna hawowa. Ba su kai ga shaguna ba ruwan ya sauko, wata rana da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga shaguna har idon sawu, ba za a ɓoye wannan ba. Amma da ya isa gangare sai ya tarar da hanya a buɗe, ya wuce abinsa. Katangar Inna tana nan tsaye.

Masu shaguna suka zo da faɗa. Baba ya saurare su har suka gama, ya ce, "Kayanku sun jiƙe, ku yi haƙuri, za su bushe. Da katanga ce ta faɗa kan yaro fa?"

Daga baya maƙwabtan unguwanni suka riƙa aiko masa. Bai yarda ya yashe wa kowa ba. Cewa yake, "Bayana ɗaya ne. Ku kawo mutanenku, ku nuna mini inda ruwanku yake fita." Ya tsaya a kansu har su iya, sannan ya tura su su koyar a gaba. Yau unguwanni da yawa daga gangare suke farawa.

Baba, kai ne ka ƙi a yi aikin ganin ido alhali rai yana cikin haɗari. Kai ne ka sha zagi da warin lambatu ba ka matsa ba. Mai kafiya a kan gaskiya, mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka maka da alheri.

Mu kuwa, ruwan bana ba zai sassauta don Baba ya tsufa ba. Kafin hadari ya haɗu, kowa ya sauka ya ga wanda ke zaune a ƙarshen layinsu. Daga ƙofarsa za a fara, ko wa zai yi fushi.