Surin Baƙo

Baƙo na Gammo bai taɓa noman kirki ba. Gonar da ya gada tsakuwa ce zalla, sai wani ƙaton suri a tsakiya da ubansa ya mutu yana zagi. Da waya ta zo, aka gano duk ƙauyenmu babu inda sabis ke kamawa sai kan surin nan. Ran nan Baƙo ya rataye fartanya.

Tabarma ya shimfiɗa a gindin surin, ya baza kunne. Wadda za ta yi yaji, wanda likita ya hana gishiri, duk Baƙo ya sani kafin dangi. Aka riƙa kai masa ƙwai da fura don ya kama bakinsa, har ya ajiye tumbi. An ce gwamnati za ta kafa mana ƙarfen sabis. Tun jikata Raliya tana rarrafe ake faɗa, yanzu ta yi haƙoran manya.

An kai Baƙo ƙara. Dagaci ya ce, "Gonarsa ce, kunnensa ne." To, shi ma a can yake waya.

Bara yanar ido ta rufe mini gani. Na hau suri na kira dillali a Gwarzo, zan sayar da bijimina a yi mini aiki a Kano. Ban gaya wa ɗana Abdulmumini ba, don da shi yake huɗa, hana ni zai yi.

Ina saukowa Baƙo ya ce, "Gwaggo, ashe jan bijimin nan tafiya zai yi? Abdulmumini ya sani kuwa? Na kwana biyu ban ga man shanu ba."

Washegari na bari sai da layi ya cika, na hau da wayar da ko caji babu, na ɗaga murya.

"Zulaihat, kin tuna shekarar da awakin Malam Zailani suka ɓata? To, ni na ga wanda ya kora su hanyar Garo. Ni na yi wa uwarsa wankan jego..."

Baƙo ya zabura. "Gwaggo, sauko kada ki faɗi."

"Bari, ɗan nan, yau sabis ya kama sosai."

Kafin la'asar ya janye tabarmarsa can bakin hanya. Bijimi ya tafi, ido ya buɗe. Da na dawo na dubi Baƙo da kyau, ashe ya fi yadda nake zato muni.