Dogara da Meyon Likita

Duk wanda ya zo sarin kaya Guangzhou lokacin da mutanenmu suka fara kama shaguna a Tianxiu ya san Dogara. In bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: kafaɗar dama a sama, ta hagu a ƙasa. Ɗan Fagge ne, tela tun tasowarsa. Ƙashin bayansa ya karkace tun yana saurayi, da zaman keken ɗinki ya gagare shi sai ya biyo 'yan kasuwa ƙasar Sin, yana zaɓar musu riguna a kasuwar Shisanhang. In an tsokane shi sai ya ce shi yadi ne da aka yanka a karkace, a bar shi haka.

Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Xiaobei, don haka ni na fara lura, a 1998, cewa matakala ta soma kayar da shi. Ya hau kaɗan sai ya tsaya yana haki, yana kallon silin kamar mai nazari. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana: karkacewar tana ƙaruwa, ta fara danne huhu. Sai an yi tiyata an miƙe bayan da ƙarfe.

"Ghali, ni fa mutuwa ba ta dame ni ba," ya ce da ni a hanya. "A mayar da ni Kano a keken guragu, matata Najiba ta ƙare ƙuruciyarta tana juya ni a gado, wannan ne ba zan iya ba."

Ranar da muka koma, ya sa ma'aikaciyar jinyar da ke yi mana tafinta da Turanci ta tambayi likita ko akwai haɗari. Likitan, dattijo mai fara'a, bai ma jira ta gama ba. Ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo wanti."

Wato babu matsala. Ni na ji sanyi a raina. Dogara kuwa ya tashi, ya yi godiya, ya sa takalminsa ya fice.

Na cim masa a bakin titi, raina a ɓace. "Kai wane irin mutum ne? An ce maka babu matsala!"

"Meyo fa likitan ya ce. Kai yau ka zo garin nan?"

Sai a lokacin na gane. A kasuwa, in ka nemi kaya mai shago ya ce meyo, babu, ba a tafiya. Zama ake yi, a sha shayi, a kira shi lawban, wato maigida, a yabi shagonsa. Can sai ka ga an shiga sito an fito da kayan. A wurin Dogara, meyo na nufin akwai, an dai ɓoye a ciki. To in likita ya ce babu matsala da sauri haka, Allah kaɗai ya san girman wadda ke cikin siton.

Na yi dariya har na dafa fitilar titi, amma tausayinsa ya kama ni. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Da na gaji sai na ce, "To tunda meyon kasuwa ne, ka yi masa yadda ake yi wa na kasuwa mana."

Haka kuwa ya yi. Ya sayi ganyen shayi mai kyau, ya koma, ya zauna daram. Ya ce da tafinta, "Ki gaya wa lawban ba na sauri. Ya fito min da abin da ke sito."

Da aka yi wa likita bayani, ya yi dariya har ya cire tabarau. Sannan ya natsu ya ce akwai. Jijiyar da ke cikin ƙashin baya tana iya taɓuwa, ƙafafu su mutu. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. Shi ya sa a tsakiyar aikin za su farkar da shi kaɗan, su ce ya motsa 'yan yatsun ƙafa. In ba su motsa ba, sai a sassauta ƙarfen nan take.

Na zaci zai sake gudu. Sai na ga mutumina ya sauke ajiyar zuciya. "Yawwa. Yanzu aka yi ciniki." Sharaɗi ɗaya ya gindaya: cikin magagin allurar barci ba ya jin Turanci, balle Sinanci. Da Hausa za a kira shi.

Ni aka ɗora wa koya wa ma'aikaciyar jinyar abin da za ta ce masa da Hausa. Ta wahalar da ni, na wahalar da ita.

Ranar aikin ina zaune a baranda, carbi ya jiƙe da gumi a hannuna. Bayan la'asar ma'aikaciyar jinyar ta fito, ta janye ƙyallen bakinta, ta tsaya a gabana tana murmushi.

"Dogala," ta ce, "mosa kafa."

Sannan ta ɗaga hannayenta biyu, ta motsa yatsu goma. Na zauna a ƙasa ina kuka.