Japanancin Mai Wankin Mota

Shekara goma sha tara ya yi yana wankin mota a wani fili da ake sayar da tsofaffin motocin Japan. Kayan aikinsa bokiti biyu ne, da soso, da tsumma a kafaɗa. Duk motar da ya murɗa wa makulli don ya matsar da ita bakin famfo, sai muryar wata mata ta fito daga na'urar gaban direba, tana magana a natse cikin harshen da ba mai jinsa a filin.

Bai taɓa zama da niyyar koyo ba, mutumin da ko aji uku bai gama ba. Maganar ce kawai ta riƙa zuba masa a kunne kullum, har aka wayi gari yana riga matar faɗi. Makanikai suka laƙaba masa Ɗan Japan. A gida ma, in matarsa ta miƙo masa ruwa, sai ya sakar mata wata doguwar jimla.

"Malam, in zagina kake yi, fassara mini in rama."

Dariya yake yi, amma a ransa ya ɗauki abin da gaske. Sabulu ya cinye masa yatsu, bayansa ba ya miƙewa sai ya dafa gwiwa. Ya gaya wa babbar 'yarsa cewa ranar da masu motocin suka zo, shi zai yi tafinta, daga nan ya ajiye soso.

Ranar kuwa ta zo. Wani dattijo daga kamfanin da ke turo motocin ya kawo ziyara, maigidan filin ya aika a kira Ɗan Japan don ya yi burga da shi. Ɗan Japan ya goge hannu a wando, ya tsaya ƙyam, ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ba gargada, har da lanƙwasar muryar mace.

Baƙon ya yi turus. Sai ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Ya yi masa wata gajeriyar tambaya, Ɗan Japan bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Baƙon ya maimaita a hankali, nan ma bai gane ba. Daga nan ya juya ya yi wa maigida bayani da Turanci.

"Ka san abin da ka ce masa?" in ji maigida, yana share hawayen dariya. "Wai ba a saka kati a na'urar ba. Wai ya yi kwana hagu bayan mita ɗari uku. Wai ya daɗe yana tuƙi, ya tsaya ya huta!"

Fili ya kaure da shewa. Baƙon ya ɗan rusuna, ya sa aka gaya wa Ɗan Japan cewa lafazinsa ba laifi ko kaɗan. Wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Da yamma 'yar ta tare shi tun daga ƙofa.

"Baba, ya aka yi? Kun gaisa?"

"Mun gaisa," ya ce, ya wuce ciki bai ko cire takalmi ba.

Bai sake furta harshen a gaban kowa ba. Bayan shekara biyu maigida ya sayo injin feshin ruwa, ya ce masa aikin ya fi ƙarfinsa, ya je ya huta. Ya nemi aiki a filaye uku. Ko'ina sai a dubi hannunsa, a ce ya leƙo mako mai zuwa. Har yanzu kullum da safe yana fita ya zagaya filayen.