Abin da Iya ta ƙi lasowa

Ido ɗaya ya rage wa Inna. Hawan jinin ido ya cinye na hagu tun ina koleji a Magarya. Na daman kuwa a Damagaram aka yi masa aiki, aka sa ɗan siririn tiyo da zai riƙa rage ruwan da ke taruwa a ciki. Ni na raka ta, ni likita ya yi wa bayani da Faransanci, don ni ce mai boko a gidan. Na yi ta gyaɗa kai. A raina tiyon yana can ciki, ba mai sake ganinsa.

Da kaka, muna shiƙar gero a ƙauyenmu gefen Kwaya, Inna ta ce wani abu na sukar ta. Idon ya yi ja, sai hawaye. Na ɗaga fatar sama, na hango ɗan abu fari-fari. Na ce ƙaiƙayi ne. Da ƙafata na je na kira Iya, tsohuwar da ake kai wa ido idan abu ya faɗa ciki. Da harshe take lasowa, kuma ban taɓa jin ta kasa ba.

Ta kuskure baki, ta durƙusa, ta buɗe idon. Ta daɗe tana kallo.

"Ke 'yar boko, matso. Kin taɓa ganin ƙaiƙayi miƙe sambal haka?"

"Iya, ki dai cire mata, tana shan wuya."

"Abin da iska ta jefa nake cirewa. Wannan hannu ne ya ajiye shi. Wanda ya sa, shi zai taɓa."

Inna ta ce, "Iya, yau kuma tsoro?"

"Tsoro ƙwarai. Ido nawa gare ki?"

Iya ce ta ɗaure idon da wankakken ƙyalle, ita ta sa aka nemo mai moto. Majo, babban ma'aikacin jinya a asibitin Magarya, ya duba, ya tura mu Damagaram a ranar. Likita ya ce naman da ya rufe tiyon ne ya buɗe, kuma da an ja shi, ko yawu ya shiga, da wuya idon ya tsira. Suka sake rufewa.

Inna na gani. Ba tangaran ba, amma tana tsince tsakuwa a wake da kanta. Ni ce har yanzu in na tuna yadda na tsaya ina roƙon Iya, sai in nemi wurin zama.