Sunan da Tasi'u Bai Taɓa Kira Ba

Tasi'u ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Baturiya. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa cikin ruwa, kwance a kan gora, yana duba ƙugiyoyi. Da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan ƙauyensu, kifi ya yi ƙaura, shi ma ya tattara ya dawo Haɗeja. Da damina ya noma shinkafa a fadama, da rani ya yi alkama, in hannu ya huta ya gyara wa mutane ragar kamun kifi. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ruwa kan koya wa mutum haka.

A Haɗeja ya auri Zaituna, 'yar Ya Mairam, wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga gabas. Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Zainaba, ana ce mata Ummi. To, ga ta 'yar fari, ga ta da sunan uwa. A gidan su Tasi'u ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Kunya ce, haka suka tarar. Shi kansa bai taɓa jin mahaifinsu ya ambaci sunan yayansu Tukur ba har ya koma ga Allah. Don haka in zai yi maganar 'yarsa sai ya ce "yarinyar nan". In ya sayo mata takalmi, ya ajiye a bakin ƙofa ya wuce.

Auren ya mutu a shekarar da ambaliya ta shanye shinkafar fadama. Abin da ya raba su, su biyu suka sani. Zaituna ta koma gidan uwarta da Ummi. Tasi'u kan kai hatsi da bandar kifi, ya gaida tsohuwa daga zaure, ya juya. Da safe kuma yakan tsaya wajen mai shayi a bakin titi har 'yan makaranta su gama wucewa, alhali shayi bai dame shi ba.

Ummi na da shekara tara Zaituna ta auri Mala, wani dillalin kifi, wanda zai tafi da ita Maiduguri bayan sallah. Ta ce da 'yarta za ta tafi. Tasi'u ya aika cewa bai yarda ba.

Don kada magana ta kai gaban alƙali, aka zauna a tsakar gidan Ya Mairam bayan la'asar. Tasi'u ya zo da yayansa Tukur, aka kuma kira limamin unguwa.

Liman ya ce, "Uwa in ta auri bare, riƙo kan koma ga kakar yarinya ta wajen uwa. In Ya Mairam ta karɓa, yarinya tana Haɗeja. In ta ga gara yarinyar ta bi uwarta, kun riga kun ce maganarta za ku bi."

"Allah gafarta Malam," in ji Zaituna, "ta zauna nan don wa? Ku tambaye shi sunanta ma."

Tukur ya gyara zama. "Haba Zaituna! Ke ma kin san 'yar fari ce. Mu ba a gidan marasa kunya aka haife mu ba."

"Ni na sani, Yaya Tukur. Ita ta sani?"

Ya Mairam ta ɗaga murya ta kira yarinyar daga ɗaki. "Ke ƙawata, zo nan. Babanki ya ce ki zauna. Me kika ce?"

Ummi ta tsaya tana murza bakin hijabinta. "Ai ba ya sona, Iya. In na gaishe shi a hanya ƙasa yake kallo. Baban su Amira har a mashin yake kai ta makaranta."

Tasi'u ya ji kamar ƙafarsa ta zame a ruwa mai zurfi. Duk abin da ya yi don girmama ta, ashe ga yadda ya isa gare ta.

"Tasi'u," in ji tsohuwa, "ƙafata ciwo, idona ya rage. Ba zan raba 'ya da uwarta don mai ajiye buhu a zaure ba. Ga ta nan. Yi mata magana."

Tukur ya taka masa ɗan yatsan ƙafa. "Kada ka zubar mana da mutunci gaban surukai," ya ce ƙasa-ƙasa.

 Tasi'u ya dubi yarinyar. 'Yar fari ce mai sunan mahaifiyarsa, kuma yayansa na zaune. Ya tuna bai taɓa zuwa Maiduguri ba, bai ma san ƙofar da zai tsaya ba in ya je.

"Ummi."

Tasi'u ne ya kira. Yarinyar ta waiga wajen liman, a zatonta shi ne.

"Ummi, ni ne. Zo."

Tukur ya miƙe, ya zura takalmansa, ya fita ba sallama. Ummi ta tako har tsakiyar tabarma, ta tsaya nan, ba ta ƙarasa ba. Zaituna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa.

Ya Mairam ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Zan riƙe ta. In an yi hutu ta je wajen uwarta, kai kuma za ka kai ta da kanka. Amma ka ji: duk ranar da ka tsaya a zaurena ka ce ina yarinyar nan, zan ce ban san ta ba."

Liman ya shafa fatiha.

Tasi'u na nan a Haɗeja yana nomansa. Tukur bai daina faɗin cewa zaman birni ya ɓata masa ƙane ba. Ita kuwa Ummi ba ta saba ba tukuna. In ya kira ta daga zaure, takan ɗan yi jim kafin ta amsa.