Hoton Kaka

Shekarar da na sayi kyamara ban bar kowa ya huta ba. A shekarar ce kuma mahaifiyata ta zo mana daga Kano, ta yi wata uku a gidanmu na Woolwich, a London. Yarana Kaka suke kiranta, har sunan ya bi bakin kowa a gidan.

Wata Laraba muna cin abinci na ce wa matata, "Na yi booking ɗin jirgin ƙasa, ran Asabar za mu gandun daji ɗaukar hoton kaka." Ni lokacin kaka nake nufi, sa'ad da ganyen bishiyoyin ƙasar nan ke komawa ja da rawaya kafin ya zube. Hajiya kuwa ta ɗauka ita za a ɗauka. Ban san haka ba.

Ran Juma'a ta sa aka nemo mata lalle a kasuwa. Ran Asabar ta fito cikin farin leshi da ɗan kunnen gwal, ta sha kwalli, sai ƙamshi take. Abin da kawai ya fito daga bakina shi ne, "Hajiya, akwai taɓo fa a can." Ta ce ba komai.

Gandun ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na wuni ina durƙuso, ina kwanciya rub da ciki, ina jin haushin gajimare don ya tare mini rana. Duk bishiyar da na saita, sai in ga Hajiya ta je gindinta ta tsaya tana gyara mayafi. In ce, "Hajiya, ɗan matsa gefe." Sai ta matsa. Har raina ya fara ɓaci, ina cewa a zuci tsofaffi ba sa gane aiki.

A jirgin dawowa matata ta raɗa mini, "Abban yara, ka kuwa ɗauki Kaka ko sau ɗaya? Don hoton nan fa ta yi kwalliya."

Sai a lokacin na gane. Kunya ta rufe ni. Na zaro kyamara da sauri, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Bari. Dubi zanena."

Taɓo ya ɓata shi har ƙwauri, iska kuma ta sa kwallin ya zubo. Ta ce in nuna mata abin da na ɗauko. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ganye, ganye, ganye. Can ta miƙo mini.

"Allah Ya yi albarka. Mu dai irin wannan sharewa muke yi."

Na yi mata alkawarin mako mai zuwa zan ɗauke ta a gida, a natse. Aiki ya sha kaina, ita kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma.

Da ta rasu, ƙannena suka aiko cewa in turo musu hotunanta na London, tunda ni ne mai kyamara. Har yau ban ba su amsa ba.